Kare da kaji: yadda za a tsare kiwo ba tare da an ɓata da maƙwabci ba

A Guna da ƙauyukanta, cikin gundumar Mirriya, da wuya a shiga gida ba a tarar da kaji ko zabbi ba. Yawancinsu na mata ne. Kaza ita ce asusun mace. In yaro ya kwanta ciwo, a kama guda a kai kasuwa. In baƙo ya sauka, a yanka guda. Kaza takan kwanta kan ƙwai kwana 21 kafin ta ƙyanƙyashe. Sai an yi wata biyar ko shida ana zuba dussa da tsaki kafin ɗan tsako ya isa sayarwa. Amma kare guda yana iya ɓata wannan wahala duka kafin a gama dama fura.

Abin baƙin ciki, karen ba na daji ba ne. Na maƙwabci ne. Daga nan sai cacar baki, sai gaba, wani lokaci har gaban mai gari.

A fara gane ɓarawon

Ba duk kazar da ta ɓace ba ce kare ya ci. Shirwa da shaho da rana suke surar 'yan tsaki, ba sa barin komai. Muzuru da dare yake zuwa, ya ɗauki guda ya tafi. Aikin kare dabam ne. Yakan bi kaji da gudu, ya kashe biyu ko uku, ya watsa gashi ko'ina, sau da yawa ma ba ya cinye su. A duba ƙasa da safe kafin a yi shara. Sawun kare yana nuna farce, sawun kyanwa ba ya nunawa. A duba gindin darni kuma, ko akwai ramin da aka tona. Wanda bai ga waɗannan alamu ba, kada ya kama sunan karen kowa.

A juji kare yake koyo

Wannan ita ce maganar da ta fi muhimmanci. Kare ba ya fara cin kaza haka kawai. Mutane ne suke koya masa ba su sani ba.

Lokacin ɗari annoba takan shigo cikin kaji, wadda likitocin dabbobi suke kira ciwon Niyukasal. Kaji su yi ta mutuwa. Me ake yi da mushen? A kama ƙafa a wurga bayan gida. Ran da aka yanka kaza, hanji da kai da gashi su ma juji ake kai su. Kare ya zo ya ci, ya ji daɗi. Gobe ya dawo, bai samu mushe ba, ga masu rai suna tono kusa da shi. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi.

Ɓarnar biyu ce. Karen da ya ja mushe ya kai wata unguwa, ya kai musu ciwon ke nan. Don haka duk kazar da ta mutu, a gina rami mai zurfi kamar kamu biyu, a binne ta, a danne da dutse. Ko kuwa a ƙone ta. Tarkacen yanka ma haka. A kuma yi wa kaji allurar rigakafi kafin ɗari ya shigo. Ma'aikatan kiwo sun san lokacinta.

Darni da akurki

Kare ba ya cika tsallake darni. Ta ƙasa yake bi, inda gara da ruwan damina suka cinye gindin kara. Bayan an gama girbi kara yana samuwa, lokacin gyara ke nan. A kafa karan ya shiga ƙasa sosai, a ɗaure shi da tanka biyu ko uku, a jera ƙayar magarya a gindinsa ta waje. Sassabe za a yi kaɗan kaɗan, ba a sare itace ba. Gawo kuwa kada a taɓa shi, doka ta kare shi.

Mai son abin da zai daɗe ya dasa aguwa ko dashi da bazara, kafin ruwa ya sauka. Reshe ake yankowa a kafa, ya kama. Amma aguwa takan bar ƙofofi ta ƙasa, sai an cike da ƙaya. Mai hali ya sayi ragar waya, ya binne gindinta santimita 30 cikin ƙasa. Gidan da ke da katanga ma a duba rariya. Nan ce ƙofar kare. A sa mata guntun waya ko duwatsu, ruwa ya wuce, kare ya tsaya.

Kaji su kwana cikin akurkin laka mai ƙofar katako ko langalanga, da 'yan ƙananan kafofi don iska. A saba musu da zuba hatsi a bakin akurki da la'asar, za su riƙa dawowa da kansu. Kaza mai 'ya'ya a kife ta da babban kwando cikin inuwa har tsakin su yi ƙwari. Zabuwa ita ce mai wuyar sha'ani, don cikin ciyawa take nasa ƙwai da damina, kare kuwa yana da hanci. A bi ta a gano wurin, a kwaso ƙwan a sa wa kaza. Wajen kwana 28 yake yi.

Nauyin mai kare

Kare yana da amfani. Yana tsaron gida da garke da garka. Amma yunwa ce take sa shi yawo. Wanda ya ajiye kare ya ba shi abinci da ruwa kullum. Ya ɗaure shi cikin inuwa da rana lokacin da kaji suke kiwo, ya sake shi da dare bayan an rufe akurki. Ɗan kwikwiyo a kwaɓe shi tun ranar da ya fara bin kaza da wasa.

Kada a sa guba

Wasu in ransu ya ɓaci sai su sa maganin ƙwari cikin nama su ajiye. Wannan mugun kuskure ne. Guba ba ta san sunan kare ba. Kajin gidan suna iya tsattsaga, ungulu ta ci mushen ta mutu, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki.

Hanyar da ta dace ita ce a nuna wa mutum biyu ɓarnar, sannan mai gida ya je wurin maƙwabcinsa da sallama: "Malam, karenka ya shigo mana da safe, zo ka gani da idonka." In an daidaita, shi ke nan. In ba a daidaita ba, a tafi wurin mai gari. Dokar Nijar ta ba sarakunan gargajiya ikon yin sulhu a irin wannan magana. Abin da aka shirya a rubuta shi: kaza nawa, kuɗi nawa, ranar biya. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana iya rubutawa, shaidu su sa hannu.

In kare ya yi cizo

Yara ne ake cika turawa korar kare, su ne kuma yake cizo. A gaya musu kada su ƙwaci kaza daga bakinsa, kada su ritsa shi a lungu. Haukan kare ciwo ne da in ya bayyana a jikin mutum ba ya warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Amma akwai allurar da ke tare shi tun 1885, lokacin da Luwi Fasto na Faransa ya fara yi wa wani yaro ita.

Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin nan da nan da ruwa da sabulu har minti 15. Kada a tura barkono ko toka a ciki. A kai shi gidan likita ran nan, ko da ciwon ƙarami ne. Karen kuma a kulle shi inda ba zai kai ga kowa ba, a kira likitan dabbobi ya zo ya duba shi.