Ƙidaya Goma: Nasarorin Da Suka Ɗaukaka Zakarun Damben Boksin

Daren Asabar, 29 ga Afrilu, 2017, gidan kallon unguwarmu ya cika har bakin ƙofa, alhali ba ƙwallo ake nunawa ba. Janareta na ruri a waje, fanka ɗaya tana ta fama da zafin bazara. A allon talabijin, mutum dubu 90 ne suka yi cincirindo a filin Wembley na birnin Landan domin kallon Anthony Joshua, wanda asalin iyayensa Nijeriya ne, da Wladimir Klitschko na ƙasar Yukiren. A benci ɗaya da ni akwai wani dattijo mahauci da ya ɗaure kara a zamanin ƙuruciyarsa, ya zaga garuruwa da kaka yana dambe. Bai taɓa zama ya kalli boksin daga farko har ƙarshe ba sai ranar.

A turmi na biyar Joshua ya rufe Klitschko da naushi, ya kai shi ƙasa. Dattijo ya zabura ya ɗaga hannu sama, ya ce, "An yi kisa!" Har ya fara laluben takalminsa, sai wani saurayi ya riƙe gefen rigarsa.

"Baba, yi haƙuri ka zauna. Nan sai an ƙirga goma."

Klitschko ya miƙe. Kafin turmin ya ƙare Joshua ne ke haki. A turmi na shida dama ɗaya miƙaƙƙiya ta sauka a fuskarsa, ya zube, karo na farko tun da ya zama ƙwararren ɗan dambe. Gidan kallo ya yi tsit. Na waiga na ga dattijo yana lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, yana taya alƙalin wasa ƙirga.

Bambancin damben biyu

A dambenmu na gargajiya, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa magana ta ƙare, an kashe ka. Jarumtar da ke cikinsa ita ce babu kuskure biyu. Boksin kuwa ya ba wanda ya faɗi ƙidaya goma. In ya miƙe, alƙali ya duba idonsa ya ga yana cikin hayyacinsa, sai a ci gaba. Damben kambun duniya turmi 12 ne, kowanne minti uku, da hutun minti ɗaya a tsakani. In ba a yi kisa ba, alƙalan maki uku da ke zaune a gefe su za su raba gardama: wanda ya ci turmi yana da maki 10, abokin karawarsa 9, in kuma ya faɗi akan ba shi 8.

Kambu kuma ba ɗaya ba ne. Hukumomi huɗu ne manya, WBA da WBC da IBF da WBO, kowacce da nata kambun a azuzuwan nauyi 17 da aka saba da su, tun daga masu kilo 48 har zuwa ƙattin da suka haura kilo 90. Ke nan a rana ɗaya ana iya samun mutum fiye da 60 da kowannensu ke amsa sunan zakaran duniya. Shi ya sa masana dambe ba sa ƙirga kambu in za su auna mutum. Tambaya uku suke yi: wa ya doke, shin wanda ya doke ɗin yana da sauran ƙarfinsa lokacin da aka doke shi, kuma me mai nasarar ya tsallake kafin a ɗaga hannunsa? In aka bi wannan awo, za a tarar manyan nasarori da yawa sun bi ta cikin ƙidaya goman nan.

Douglas a Tokyo

A farkon 1990 sunan Mike Tyson kaɗai ya isa ya kashe wa ɗan dambe gwiwa. Yana da shekara 23, ya yi dambe 37 bai taɓa shan kaye ba, wasu ma ba su kai minti biyu a gabansa ba. Da aka haɗa shi da James Douglas, wanda ake wa laƙabi da Buster, 'yan caca a Las Vegas sun sa 42 a kan 1 cewa Tyson zai ci. Kwana 23 kafin damben mahaifiyar Douglas ta rasu. Bai janye ba.

Ranar 11 ga Fabrairu, a birnin Tokyo, Douglas ya yi abin da ba a saba gani ba: ya ƙi jin tsoro. Ya yi amfani da tsawon hannunsa, yana caka hagu yana bin ta da dama, har idon Tyson na hagu ya kumbura. A ƙarshen turmi na takwas Tyson ya sako naushinsa mai tasowa daga ƙasa ya daki haɓa, Douglas ya faɗi. Ya naushi dandamali don haushin kansa, ya miƙe a ƙidaya ta tara, ƙidayar da mutanen Tyson suka yi ta ƙorafin an ja ta da tsawo. A turmi na goma shi ma ya mayar da irin naushin, ya bi shi da wasu a jere. Duniya ta ga Tyson a durƙushe yana laluben robar kare haƙorinsa a ƙasa, alƙali yana ƙirga goma a kansa. Gaba da gabanta. Wata takwas bayan nan Evander Holyfield ya karɓe kambun daga hannun Douglas a turmi na uku, amma wannan dare guda ya ishe shi suna har abada.

Ƙidayar da ta ɗauki shekara ashirin

Kowa ya san damben Kinshasa na 30 ga Oktoba, 1974, inda Muhammad Ali ya jingina da igiya, ya bar George Foreman ya yi ta duka har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya kayar da shi a turmi na takwas. Nasarar Ali ce mafi girma, don Foreman na da shekara 25, bai taɓa faɗuwa a dambe 40 ba, kuma ya gama da Joe Frazier da Ken Norton kowannensu cikin turmi biyu, su da suka taɓa cin Ali. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda wanda aka kayar ya ƙare.

Foreman ya ajiye safar dambe a 1977, ya koma wa'azi a coci a birnin Houston. Bayan shekara goma ya dawo da tumbi da sanƙo, mutane na dariya. Ranar 5 ga Nuwamba, 1994, yana da shekara 45, ya hau fage da Michael Moorer mai shekara 26, wanda bai taɓa shan kaye ba kuma bai daɗe da cin Holyfield ba. Foreman ya sa jan gajeren wandon da ya sa a Kinshasa. Turmi tara Moorer yana dukansa, duk alƙalan maki uku sun sa yaron a gaba. A na goma tsohon ya aika hagu, ya bi ta da gajeriyar dama a haɓa, Moorer ya kwanta bai tashi ba. Foreman bai yi tsalle ba. Ya juya kusurwa ya durƙusa yana addu'a. Har yau ba a yi zakaran ajin masu nauyi da ya kai shi shekaru ba.

Fury da abokin gaba na ɓoye

A Nuwamban 2015 Tyson Fury na Ingila ya je har Jamus ya raba Klitschko da kambunan da ya kusa shekara goma yana riƙe da su. Daga nan ciwon damuwa ya kama shi. Ya faɗa shaye-shaye, jikinsa ya haura kilo 170, ya bar kambunan ba tare da kowa ya doke shi ba, kuma ya faɗa da bakinsa cewa ya yi tunanin kashe kansa. Shekara biyu da rabi bai hau fage ba.

A Disamban 2018, a Los Angeles, ya tunkari Deontay Wilder, wanda ya ci dambe 40, 39 daga ciki da kisa. A turmi na 12 dama da hagu suka sauka a kan Fury, ya faɗi rigingine, idonsa a rufe. Wilder har ya fara rawa. Kafin ƙidaya ta cika Fury ya buɗe ido ya miƙe, ya ƙarasa turmin yana kai hari. Aka ce canjaras. A Fabrairun 2020 ya dawo da wata dabara: maimakon ya guji mai naushin, sai ya bi shi yana tura shi baya, ya kayar da shi sau biyu, har mutanen Wilder suka jefa tawul a turmi na bakwai. Darajar wannan nasara ta wuce kambun WBC da ya ɗauka. Ƙato irinsa ya fito fili ya ce ciwon damuwa ciwo ne mai neman magani, kuma maza da yawa da ke ɓoye nasu sun ji shi.

Ƙaramin da ya haura sama

Akwai kuma nasarar da ake samu ta hanyar zaɓar tudu alhali ga gangare. Oleksandr Usyk na Yukiren ya haɗa kambu huɗu na ajin da ke ƙasa da masu nauyi a 2018, sannan ya haura wurin ƙattin. Ya ci Joshua sau biyu, na biyun a Jidda a 2022, ƙasarsa na cikin yaƙi. Ranar 18 ga Mayu, 2024, a Riyad, ya fuskanci Fury da ya fi shi tsawo da kusan santimita 15, ya fi shi nauyi da kilo 17 da ɗoriya. Tsakiyar damben Fury ne ke gaba. A turmi na tara hagun Usyk ta same shi, ya yi ta tangaɗi daga igiya zuwa igiya har alƙali ya ƙirga masa. Alƙalai biyu suka ba Usyk, ɗaya ya ba Fury da maki guda. Rabon da a samu mutum ɗaya irin Usyk da ba a jayayya da sarautarsa a ajin masu nauyi tun Lennox Lewis a 1999.

Terence Crawford na Amurka ma hanyar ya bi. Ya fara zama zakara a ajin kilo 61, amma a Satumban 2025, yana da shekara 37, ya haura zuwa kilo 76 ya karɓe kambu huɗu daga hannun Canelo Alvarez na Meziko. A nahiyarmu kuwa, Azumah Nelson na Gana ya bi Wilfredo Gomez har gidansa a Puerto Rico a Disamban 1984, ya kayar da shi a turmi na 11 a gaban mutanensa, shekara biyu bayan shi kansa ya sha kaye a hannun Salvador Sanchez.

Awon tambaya ukun nan na masana dambe shi ne ke bayyana matsayin Floyd Mayweather. Ya yi dambe 50 bai faɗi ko ɗaya ba, kuma karawarsa da Manny Pacquiao a Mayun 2015 ta tara kuɗin da ba a taɓa gani a dambe ba. Sai dai an shekara biyar ana jan ƙafa kafin a yi ta, har Mayweather ya kai shekara 38, Pacquiao ya kai 36 kuma ya riga ya sha mugun kisa a 2012. A ganina ranar da Mayweather ya fi nuna ko shi wane ne ita ce ta Janairun 2001, da ya kayar da Diego Corrales sau biyar, lokacin Corrales na kan ganiyarsa, bai taɓa shan kaye ba, kuma ya fi shi tsawo nesa. Kuɗin ranar kaɗan ne, haɗarin ne mai yawa.

Turmi na goma sha ɗaya

A gidan kallonmu, Joshua ya miƙe kafin yatsun dattijo su ƙare. Ƙafafunsa na rawa, ya yi ta riƙo da kare fuska har ƙararrawa ta cece shi. Turmi na bakwai da na takwas bai yi wani abin kirki ba, numfashinsa yake tarawa. Klitschko, mai shekara 41 da dambe fiye da 60 a bayansa, ya zaɓi ya bi a hankali ya ci da maki. A turmi na 11 Joshua ya sako dama daga ƙasa, ta ɗaga kan Klitschko sama kamar wuyansa zai tsinke. Ya faɗi, ya tashi. Ya sake faɗuwa, ya sake tashi. Joshua ya matse shi a kusurwa har alƙali ya shiga tsakani. Klitschko bai ƙara hawa fage ba, kuma mutane da dama sun fi girmama shi a kan wannan kaye fiye da nasarorinsa masu yawa. Joshua ya ci wasu bayan nan, ya kuma sha kaye, amma in za a faɗi damben da ya fi kowanne a rayuwarsa, wannan ne.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Matasa suka yi waje suna ihu, benci ya kife, mai gidan kallo na roƙon a bi a hankali da waya. Dattijo bai motsa ba sai da wuri ya yi sarari. Ya sa takalminsa, ya dubi saurayin da ya riƙe masa riga, ya ce:

"Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka zaunar da ni. Da a namu ne, tun turmi na biyar an ɗaga hannunsa an tashi. Da mun tafi gida da murna, ba mu san ko namiji ne ba."