Bindigar Uba Ba Gadon Ɗa Ba Ce: Abin da Doka ta Ce Kan Shekaru da Lasisi

A ƙauyenmu an yi wani dattijo maharbi da ya rasu ya bar bindigar toka rataye a bangon turakarsa. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka raba gona da tumaki, bindiga kuwa babu wanda ya tuna da ita. Da damina ta yi nisa birai suka addabi masara, sai autansa, yaro ɗan shekara 14, ya saɓo ta ya nufi gona tare da abokinsa. Bai san tsohon ya bar ta a ɗure ba. Ya zuba albarushi a kan na da, ya danna tsumma, ya zuba duwatsu, ya saita ya ja kunama. Bututun ya tsage a hannunsa. Yau magidanci ne, amma da yatsu biyu yake riƙe fartanya a hannun hagu.

Ranar kowa cewa ya yi tsautsayi ne, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, sai dai manyan gidan nan sun yi wata huɗu suna shiga ɗakin suna fita, suna ganin bindigar. Da sun san abin da doka ta ɗora musu, da ba ta kwana goma sha biyar a bangon ba.

Dokar da ke kula da makamai a Najeriya tsohuwa ce, tun 1959 aka kafa ta, kafin a sami 'yancin kai, kuma har yau da ita ake kai mutane kotu. Ta kasa bindigogi gida uku. Gidan farko na haramtattu ne: igwa, roka, gurneti, mashinga, bindigogin soja irin su AK-47, da ƙananan bindigogin hannu, wato libarba da fistol. Waɗannan babu mai ba da izinin riƙe su sai Shugaban Ƙasa. Mutane da yawa suna zaton ƙaramar bindigar da ake sokewa a ƙugu ƙaramin laifi ce saboda ƙanƙantarta, alhali a idon doka layinsu ɗaya da mashinga.

Gida na biyu shi ne na bindigogin da mutum zai iya nema don amfanin kansa, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu ta farauta, da bindigar iska. Lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda yake. Gida na uku kuma shi ne namu na gargajiya, waɗanda ake ɗurawa ta baki: adaka, harbi-ka-ruga da danginsu. A nan doka ta ba Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha iko, da amincewar gwamna, ya hana riƙe su sai da lasisi. Saboda haka maharbi ko ɗan banga kada ya ce ai tawa ta gargajiya ce, ba ruwan hukuma da ita. Ya je hedikwatar 'yan sandan jiharsa ya tambayi yadda abin yake.

Sashe na 6 na dokar ya lissafa mutum biyar da ba a ba su lasisi ko wane iri ne. Na farko, wanda bai kai shekara 17 ba. Sai mai taɓin hankali, sai mai raunin gani, sai mashayi ko wanda ba ya iya riƙe kansa, sai kuma wanda kotu ta taɓa samu da laifin tashin hankali ko barazana a cikin shekaru biyar da suka wuce.

A lura da yadda aka jera yaro tare da mai taɓin hankali da mashayi. Ba cin fuska ba ne. Abin da ya haɗa su shi ne ba a dogara da hukuncin da za su yanke cikin ƙiftawar ido. Saurayi ɗan shekara 15 yana iya fin babansa ƙarfin damtse da kaifin ido, amma zuciyarsa kusa take. Gardamar ƙwallo, rikicin budurwa a dandali, ko gorin abokai cewa shi matsoraci ne, duk sun isa su sa ya ɗaga abin da ke hannunsa. In sanda ce, a kai wanda aka doka wurin mai ɗori. Harsashi kuwa zarar bunu ne.

Ko shekara 17 ɗin ma, a ganina, ta yi kaɗan. A ƙasar nan sai mutum ya kai 18 yake jefa ƙuri'a, kuma Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 tana kallon duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro. A Afirka ta Kudu sai mutum ya kai 21 ake ba shi takardar cancantar riƙe bindiga, in ba da wani ƙwaƙƙwaran dalili ba. Ko Amurka da ta yi suna wajen yawan makamai, dokar tarayyarta ta 1968 ta hana dillali mai rajista sayar wa wanda bai kai 18 ba doguwar bindiga, ƙaramar hannu kuwa sai ya kai 21.

Cika shekaru kuma ba ya nufin an buɗe maka ƙofa. Sashe na 6 ɗin dai ya fayyace cewa lasisi ba haƙƙin kowa ba ne: hukuma na iya hanawa, tana kuma iya karɓe wanda ta bayar. A 2022, da 'yan bindiga suka addabi Zamfara, gwamnan lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu. Nan take Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A 2023 kuma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya bayyana cewa rundunar ta dakatar da ba da lasisi saboda yawan makamai a hannun jama'a. Don haka duk wanda ya tare ka a tasha ko ya kira ka a waya ya ce kawo kuɗi a yi maka takardar bindiga ta bayan fage, ɗan damfara ne. Takardar jabu ba ta fitar da kowa daga hannun alƙali, ƙarin laifi ce.

Babu mai musun halin da mutanen karkara suke ciki. Wanda aka kore wa shanu, aka ɗauke masa mata da tsakar dare, ba ya buƙatar a yi masa dogon turanci kan tsaro. Amma garin da ya ɗora tsaronsa a kafaɗar yara 'yan shekara 13 da 15 ya sayi wata fitinar da kuɗinsa. Yaron da ya saba ganin manya suna kauce masa saboda abin da ya rataya, da wuya ya koma aji ya zauna malami ya tsawata masa. Shugabannin 'yan sa-kai da ƙungiyoyin mafarauta su ne ya kamata su fara tankaɗe da rairaya, su mayar da yara gida.

Hukuncin kuma ba na wasa ba ne. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga ba tare da izini ba, mafi ƙarancin abin da zai sha shi ne shekara 10. Ta gida na biyu tana iya kai mutum shekara biyar. Ta toka, inda aka wajabta mata lasisi, tarar naira 1,000 ce ko shekara biyu ko duka biyun. Harsashi ma sai da izini. Maƙerin da ke ƙera bindiga a ɓoye shi ma shekara 10 ce ke jiransa.

Mu koma kan bindigar mamaci, domin nan ne gidaje da yawa suke faɗawa rami ba su sani ba. Lasisi sunan mutum ɗaya yake ɗauke da shi. Ba ya rufe ɗa, ba ya rufe ƙane, ba ya rufe yaron gida, kuma ba ya shiga rabon gado. In mai shi ya rasu, doka ta ba magada kwana 14 kacal su riƙe bindigar. Kafin wa'adin ya cika, babban gida ya sanar da 'yan sanda ya miƙa ta, wanda yake so ya gaje ta kuma ya nemi izini da sunansa. Haka nan in bindiga mai lasisi ta ɓata ko aka sace ta, kwana 14 ne mai ita yake da su ya sanar da hukumar da ta ba shi.

Mai bindiga a gida ya kulle ta inda yaro ba zai kai hannu ba, ya raba ta da harsashi da albarushi, kada ya jingine ta a ɗure yana cewa gobe zan koma daji. Kada a miƙa wa yaro ita ranar biki ko hawan Sallah don ya buga a yi guɗa. Uwa in ta ga ɗanta ya shigo da baƙon ƙarfe ya tura ƙarƙashin katifa, ta gaya wa mahaifinsa ko mai unguwa tun a daren. Kunyar yini ɗaya a gaban mai unguwa ta fi shekara goma ana kai tuwo gidan yari.