Daga Rawayya zuwa Jidda: Awa Nawa Ake Yi a Sama?

Duk shekara idan aikin Hajji ya gabato, tambayar da ake yi wa tsofaffin alhazai a Rawayya da Tsafe, a Jihar Zamfara, ita ce: awa nawa mutum zai yi a cikin jirgi kafin ya ga Jidda? Amsar tana canzawa, kuma akwai dalili.

Alhazan Zamfara sun daɗe suna tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III da ke Sakkwato. Daga can zuwa Jidda, idan aka miƙe sak, kimanin kilomita 3,700 ne. Manyan jiragen alhazai suna cin kilomita 850 ko fiye a awa guda, don haka da tashi da sauka, awa huɗu da rabi zuwa biyar sun isa. Sai dai agogo kan rikita baƙo: Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. Wanda ya tashi ƙarfe goma na dare zai sauka agogon hannunsa na nuna uku, alhali a Jidda biyar ta yi, gari na shirin wayewa.

Wannan miƙaƙƙiyar hanya ta saman Nijar da Chadi da Sudan take bi, ta tsallaka Bahar Maliya. Kusan ita ce kakanni suka bi a ƙasa, da jakuna da raƙuma, suna yada zango su yi noma ko ƙodago don samun guzuri, har su kai Suwakin, a gaɓar Bahar Maliya, su shiga jirgin ruwa. Wasu sai sun yi shekara da shekaru, da yawa kuma ba su dawo ba. Garin Mai Wurno na bakin kogin Nilu a Sudan, wanda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, shaida ne har gobe.

A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta. Dole jiragen alhazan Najeriya suka yi zagaye, awoyi suka ƙaru, mai ya ƙaru, kamfanonin jiragen kuma suka nemi hukumar alhazai ta NAHCON ta yi musu ƙarin kuɗi. Manomin da ya sayar da waken suyarsa ya biya kujera bai san Khartoum ba, amma rikicinta ya taɓa aljihunsa.

Akwai kuma wahalar da ba ta shiga lissafin matuƙi. Daga Gusau zuwa Sakkwato fiye da kilomita 200 ne, ta Bungudu da Maru da Talata Mafara, hanyar da matsalar tsaro ta sa matafiya ke gudun dare ya riske su a kanta. Tsohuwa mai ciwon gwiwa takan gaji tiɓis tun ba ta taka matakalar jirgi ba, ga zaman jira a sansanin alhazai.

Shi ya sa filin jirgin Gusau, wanda Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da aikinsa a 2024, yake da muhimmanci ga talakan Zamfara. Wajibi ne hukumomi su kula da shi sosai, ta yadda maniyyacin Rawayya zai riƙa tashi daga jiharsa kowace shekara.