Abin da Ke Ƙarƙashin Baiti

Ka tambayi Bahaushe abin da ya burge shi a wata waƙa, da wuya bai kawo maka baiti ba. Zai gaya maka yadda Shata ya yi wa wani zambo, ko yadda Ɗanƙwairo ya jero iyaye da kakannin wani basarake bai yi tuntuɓe ba. Amma ka ce masa kalangu nawa ne ke bayan mawaƙin, wanne ke riƙe da kiɗan, wanne ke yi masa ado, sai ya tsaya yana sosa ƙeya, alhali kuwa ya yi shekara da shekaru yana jin waƙar. Ba aibi ba ne, haka muka taso: a wurinmu magana ce gaba, kiɗa yana biye. Sai dai wanda ya tsaya a kan magana kaɗai, rabin abin da aka shirya masa ya ɗauka. Kuma duk ranar da ya ci karo da kiɗan mutanen da bai san harshensu ba, ba abin da zai ji sai hayaniya.

Ilimin sauraron nan kuwa ba daga waje za a sayo shi ba. Ɗauki Kahu, a ƙaramar hukumar Kibiya ta ƙasar Rano. A ƙauyukan noma irin wannan na kudancin Kano, dattijon da ya ga zamanin gayya yana da kunnen da ɗalibin jami'a zai yi kwaɗayi. A zamaninsu kowane sauti da mai shi. Gangar noma ta manoma ce, kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba, shantu da ƙwarya kuwa na mata a cikin gida. Mutum yana kwance a ɗaki, iska ta kawo masa amo daga nesa, ya riga ya san ko biki ne, ko dambe, ko an yanka sa a kasuwa. Idan ya ƙara kasa kunne ma zai gaya maka wanda ake kiɗa wa, domin manomin kirki da ɗan damben kirki kowa da takensa. Take ba ya buƙatar baki. Ganga ce ke kiran sunan mutum, shi kuma tsuma ta kama shi, ya sunkuya ya ci kunya biyu kafin na kusa da shi ya gama ɗaya.

Yadda ganga ke iya wannan abu ne da ya kamata kowa ya sani. Hausa harshe ne mai karin sauti, wato kowace gaɓa da inda murya ke hawa ko sauka a kanta. Kalangu kuwa yana da fata a baki biyu, an haɗa su da tsarkiya. Makaɗi ya matse tsarkiyar a hammata, fata ta ɗaure, sauti ya hau. Ya saki, sauti ya sauka. Da wannan hawa da sauka, tare da tsawon gaɓa da gajartarta, yake bin sawun magana har mai ji ya gane kirarin da ake nufi. Yarabawa ma haka suke yi da tasu gangar, don su ma harshensu mai karin sauti ne. Bature da Balarabe ba su da wannan a harsunansu, shi ya sa gangarsu take riƙe lokaci amma ba ta magana.

Daga Kahu in ka nufi Rano ranar hawan salla, wani kiɗan ne daban zai tarbe ka. Rano tana cikin Hausa Bakwai, sarkinta ake yi wa kirari da Autan Bawo, kuma kiɗan fada irin na ƙasar Hausa, tambari da kakaki da algaita, ba don rawa aka yi shi ba, don a ji kwarjini ne. Kayan nan suna da tarihin tafiya. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci wani basarake, Dagaci, da ya zo daga Barno a zamanin Sarki Dauda, a ƙarni na 15, da ganguna da kayan busa. Ya kuma lissafa kakaki cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su sarautar Kano. A Maroko har yau akwai doguwar abin busa mai kama da kakaki da ake tashin mutane sahur da ita. Algaita kuwa danginta sun bazu daga Maroko zuwa Turkiyya har Indiya, inda wani gwaninta, Bismillah Khan, ya busa tasu a Delhi ranar da ƙasar ta sami 'yancin kai a 1947. In ka sami dama ka tsaya kusa da mai algaita, dubi kumatunsa. Iska yake tarawa a ciki, yana turo ta waje yayin da yake shaƙar wata ta hanci, shi ya sa sautin ba ya yankewa. Mutane da yawa sun sha kallon wannan ba su taɓa tambayar kansu yaushe mutumin nan yake numfashi ba.

Ba karɓa kaɗai muka yi ba. Bayin da aka ƙetara da su Sahara sun tafi da kiɗansu, kuma a Tunisiya kiɗan da ake kira Stambeli yana ɗauke da burbushin bori, haka ma Gnawa na Maroko suna ambaton Hausawa cikin kakanninsu. Kiɗan Gnawa ɗin nan, wanda a dā ake yi wa kallon na ƙasƙantattu, tun 1998 ake yi masa gagarumin biki a garin Essaouira, kuma a 2019 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Banjo na Amurka ma asalinsa daga dangin gurmi da molo na Afirka ta Yamma ne, waɗanda aka kai can a jiragen bayi suka ƙera shi da ƙwarya da fata.

To me ake saurara in an ce a saurari kiɗa? A waƙar baka, abin da na fi so mutum ya fara lura da shi shi ne abin da ke tsakanin jagora da 'yan amshi. Kowace waƙa da gindinta, wanda ake komowa kansa, da ɗiyanta da jagora ke saƙawa a tsakani. Amma yadda ake wannan komowa ya bambanta ƙwarai. A wurin makaɗan kotso irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, 'yan amshi ba maimaici kawai suke yi ba: jagora ya fara ɗa, su karɓe su ƙarasa masa, wani lokaci su yi masa ƙari, har ka rasa inda nasa ya tsaya nasu ya fara. Wannan sai an zauna an shirya, an yi ta bita. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, tafarkinsa daban. Amshinsa gajere ne, ba ya canzawa, kalangai suna tafe ba sa waiwaye, shi kuma yana yawo a kai yadda ya ga dama, ya shigo da wuri, ya yi jinkiri, ya bar amshi ya zagayo sau biyu kafin ya jefa magana. Jinkirin nan shi ne gwanintar. Wanda ya karanta waƙar Shata a takarda bai ga komai ba, don shirun da ke gaban maganar ba ya rubutuwa. Sai kuma Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, wanda ba shi da ɗan amshi ko ɗaya. Kuntiginsa mai tsarkiya guda shi ne abokin hirarsa: ya faɗi magana, ya bar kuntigi ya amsa. Barmani Choge da ƙwaryarta a kan ruwa wata makaranta ce ita ma, wadda maza suka daɗe suna rainawa suna kuma satar ji.

Wanda kunnensa ya saba da waɗannan ya riga ya sami mabuɗin kiɗan wasu ƙasashe. Mafi yawan waƙoƙinmu na gargajiya a kan matakan sauti biyar suke tafiya, kamar na Sin da na Habasha da na Mali, shi ya sa Bahaushe zai ji jitar Ali Farka Touré ya ji kamar a tsakar gidansu ake kaɗawa. Larabawa suna da matakai bakwai, har da wasu 'yan tsaka-tsaki da fiyano ba ta da su. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu, domin makaranta Alƙur'ani na Masar da muke ji a rediyo a kan irin waɗannan hanyoyin murya suke rera karatu. Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975, takan riƙe waƙa ɗaya kusan awa guda, tana maimaita layi ɗaya, kowane zagaye da sabon lanƙwasa, jama'a suna ihu suna neman ƙari. Mai jin Shata ba zai sha wahalar gane wannan ba. Turawa su kuma sun zuba basirarsu wajen jera sautuka daban-daban a lokaci guda su dace da juna, da kuma gina doguwar tafiya ba tare da kalma ba. Babban kiɗan Beethoven na tara, wanda aka fara kaɗawa a Biyana a 1824 bayan kunnen mai shi ya mutu, ya haura awa guda, kuma sai a kashi na ƙarshe ake jin muryar mutum. Nan ne kunnenmu ya fi gajiya, don muna ta jiran a ce wani abu. Dabarar ita ce ka kama ɗan guntun sautin da aka buɗe da shi, ka ɗauke shi a matsayin gindi, ka bi shi ka ga yadda ake ɓoye shi, a juya shi, a dawo da shi.

Na san akwai mai cewa ina ruwan Musulmi da duk wannan. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan kiɗa, kuma ba ni ne zan raba gardamar ba. Abin da tarihi ya nuna dai shi ne Alfarabi, wanda ya rasu wajen 950, ya rubuta babban littafi a kan ilimin sauti, kuma a Kano 'yan Ƙadiriyya suna zikiri da bandiri a bainar jama'a. Wanda ya zaɓi ya kauce, an girmama zaɓinsa. Maganata da wanda yake ji ne ko ta yaya.

Yau kuwa abin da saurayi a Kahu yake ji, a waya yake jin sa, daga katin da mai turin waƙoƙi ya cika masa ranar kasuwa, ko daga TikTok in akwai data. Hanyar da ta kawo mu nan ta bi ta silima. Tun kafin a ba da mulkin kai 'yan Labanan suke da gidajen silima a Kano, kuma finafinan Indiya da aka riƙa nunawa sun shiga ran jama'a fiye da na Amurka, har muryar Lata Mangeshkar ta zama kamar ta 'yar gida, har wasu masu bege suka riƙa ɗora yabon Annabi a kan karin waƙoƙin Indiya. Da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, sai fiyano ƙirar Yamaha ta shigo ɗakunan ɗaukar sauti na Kano. Fim ɗin Sangaya, wanda ya yi tashe a daidai shigowar shekarar 2000, shi ya nuna wa kowa cewa waƙar fiyano tana sayar da fim. Daga nan aka sami zuriyar mawaƙa har zuwa su Nazifi Asnanic da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker.

Ba na cikin masu cewa duk waƙar zamani shirme ce. An sami muryoyi masu daɗi, an sami masu iya tsara kalma irin su Aminu Ala, kuma mata sun sami fili fiye da dā. Abin da nake ƙorafi a kai ƙarami ne amma yana da nauyi. Gangar da ke cikin kwamfuta ba ta jin mawaƙi. Mai kalangu yana kallon bakin jagora, in ya ga magana za ta yi zafi ya ƙara wuta, in ya ga ana son a ji kalma ya sassauta. Na'ura kuwa yadda aka saita ta tun farko haka za ta tafi har ƙarshe, mawaƙi ne zai bi ta. Ga kuma manhajar gyaran murya da ta bayyana a 1997, wadda ke jawo kowace murya ta ajiye ta daidai kan matakan fiyano. Ɗan karkacen nan da take gogewa, sau da yawa shi ne abin da ke bambanta muryar wane da ta wane. A ƙara da cewa lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri. Ka sa kiɗan tambari ko gangar noma a waya, abin da zai fito ƙwas-ƙwas ne kawai, amon da ke dukan ƙirji ya tsaya a hanya. Yaron da a waya kaɗai ya san ganga yana da uzuri in ya ce ba ta da daɗi.

Manyan makaɗan fada da na birni sun yi sa'a. Rediyon Kaduna da na Kano sun ɗauki muryoyinsu, David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa a littafinsu na 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya rubuta tarihin da yawa daga cikinsu. Makaɗin ƙauye, mai gangar noma da mai kiɗan 'yan mata a dandali, shi ne ba a cika bi ta kansa ba, ga shi kuma gayya tana ja da baya tun da maganin feshi da aikin kuɗi suka karɓe noma. Wayar da ke aljihun samarin Kahu da na garuruwan kusa irin su Tarai da Durba tana iya ɗaukar sauti. Duk wanda zai ɗauki irin waɗannan dattawa, ya nemi izininsu tukuna, ya ɗan ja baya kaɗan don kada amon ya cushe, sannan kafin a fara ya faɗi sunan makaɗin da garinsu da shekarar. In an gama kowane take, ya tambaye shi na wane ne, kuma me gangar ta ce.