Yadda Ake Bambanta Ƙananan Malam-buɗe-littafi Masu Zillo ta Zanen Fiffike

A cikin malam-buɗe-littafi akwai wani dangi da masana ke kira Hesperiidae, mai nau'o'i sama da 3,500 a duniya. Yawancinsu ƙanana ne, masu kaurin jiki da babban kai, kuma bakin siraran ƙahonninsu biyu a lanƙwashe yake kamar ƙugiya. Tashinsu na zillo ne, daga wannan fure su wulga zuwa wancan kafin ido ya kama su. Da yake launinsu bai cika wuce ruwan ƙasa ko baƙi ba, jama'a kan ɗauka duk abu ɗaya ne, alhali a fili guda ana iya samun nau'o'i da dama.

Abuja tana yankin dogayen ciyayi da ke surke da kurmi a bakin rafuka, don haka tana haɗa nau'o'in fili da na inuwa. Sun fi yawa da damina, tsakanin Afrilu da Oktoba, a wurare irin su gefen tafkin Jabi, lambun Millennium da ke Maitama, kewayen madatsar ruwa ta Usuma da fadamun Gwagwalada.

Mai son tantancewa yakan dubi wuri biyu: saman fiffiken gaba da ƙasan fiffiken baya. Na biyun ya fi amfani, domin shi ke bayyana idan ƙwaron ya sauka ya naɗe fukafukansa. Abin lura shi ne yawan ɗigo, inda kowanne ya zauna, da ko farin ratsin da ke wurin a haɗe yake ko a yanke.

Rukunin da ya fi sauƙi shi ne Coeliades, manya a cikin dangin, wasunsu masu ɗan ruwan goro a kusurwar fiffiken baya. Coeliades forestan yana da faffaɗan farin ratsi a ƙasan fiffiken baya, fes babu tabo. Coeliades pisistratus ma yana da ratsin, amma da baƙaƙen ɗigo a jikinsa. Wannan kaɗai ya isa raba su ko daga ɗan nesa.

Sai rukunin Spialia, ƙanana baƙaƙe masu yayyafin farin ɗigo, waɗanda ke tashi dab da ƙasa, tsutsotsinsu kuma na cin ganyen tsirrai dangin rama da kuɓewa. Ta sama kusan ba su da maraba. Ta ƙasa kuwa, farin ratsin Spialia spio a tsittsinke yake, ya rabu gida-gida, na Spialia diomus kuma ya ratsa fiffiken a haɗe. Masanin ƙasar Holan Rienk de Jong ya yi wa wannan rukuni cikakken nazari a 1978.

Masu wahalar su ne Pelopidas da Borbo, masu ruwan ƙasa da ɗige-ɗige masu ɗaukar haske a fiffiken gaba. Namijin Pelopidas yana da wani siririn layi a karkace a saman fiffiken gaba, wanda ke da alaƙa da ƙanshin jan hankalin mace. A jikin Pelopidas thrax layin fari-fari ne, a jikin Pelopidas mathias kuma ya fi duhu, sannan shi kansa ƙwaron ya ɗan fi ƙanƙanta. Namijin Borbo ba shi da wannan layi. Ta ƙasa, Pelopidas yakan nuna jerin ƙananan fararen ɗigo a gewaye da ƙarin guda kusa da gindin fiffike, shi kuwa Borbo borbonica yawanci ɗigo uku ne masu baƙin gefe a kan launi mai ratsin kore-kore. Sanin waɗannan yana da amfani ga manomi, domin tsutsotsinsu na naɗe ganyen shinkafa, dawa da gero su ci daga ciki.

Zane yana da iyaka. Fiffiken da ya tsufa yakan kakkaɓe garinsa, ɗigo su dushe. Mace ba ta da layin namiji, don haka matan Pelopidas sun fi rikitarwa. Ko a nau'i ɗaya ma, ɗigo na iya raguwa ko ƙanƙancewa. Idan abin ya gagara, masana kan duba gaɓoɓin haihuwa da madubin ƙara girma, ko ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji. Akwai kuma littattafan da ke taimakawa: masani W. H. Evans ya tsara nau'o'in Afirka a kundinsa na 1937, sannan Torben Larsen ɗan Denmak ya fitar da babban littafinsa kan malam-buɗe-littafin Afirka ta Yamma a 2005, wanda har yau masu bincike a Nijeriya ke dogaro da shi.

Ga mai koyo, hanya mafi inganci ita ce ɗaukar hoto da hantsi, lokacin da ƙwaron ke shan rana bai gama zafafa ba. A ɗauki sama da ƙasan fiffike, a rubuta wuri da kwanan wata da tsiron da aka same shi a kai. Hoton gefe ɗaya ba ya isa a yanke hukunci a kan nau'in Pelopidas, Borbo ko Spialia.