Kalmar Spool da Kwarkwaron Masaƙi

Wani almajirina da ke koyon ɗinki a Kankiya ya zo mini da kwalin zare, ya nuna mini wata kalma ta Turanci a jikinsa, spool, ya ce, "Malam, ko sunan zaren ke nan?" Ni ban yi boko ba, don haka na tambayi masana. Ga abin da na samo.

Spool ba zare ba ne. Sunan abin da ake naɗe zaren a jikinsa ne, watau ɗan mulmulallen icce ko roba mai rami a tsaka, da baki biyu masu tare zare kada ya zame. Tela yakan kafa shi bisa tsinken da ke kan keke, yana juyawa zare na warwaruwa. Da sunan nan Turawa ke kiran manaɗin waya, da na igiyar fatsa, da na fim ɗin majigi. Sukan kuma mai da kalmar aikatau, ma'anarta naɗewa. Har a kwamfuta, da ita ake faɗin jera takardu su jira bugu ɗaya bayan ɗaya.

To, da na ji haka sai na ce, ashe kwarkwaro ne! Iyayenmu mata a Kankiya da Kusada sun gurje auduga, sun shiɓe ta, sun kaɗa da mazari. Masaƙi ya naɗe zaren a kwarkwaro, ya sa cikin ƙoshiya, ya yi ta jefawa har ƙyalle ya fito. Amma a 1902 aka kafa ƙungiyar BCGA a Ingila don neman auduga, a 1957 kuma aka buɗe masaƙar Kaduna. Zaren inji ya cika kasuwa, kaɗi da saƙar hannu suka ja baya.

Abin da ya dame ni, na tambayi yaron nan ko ya san kwarkwaro, ya ce bai taɓa jin sunan ba. Ga shi jikan masaƙi ne.

Ba laifi ba ne sanin harshen wasu, ilmi ne. Amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ina roƙon malaman makaranta da teloli, in za ku koya wa yaro spool, ku haɗa masa da kwarkwaro, ku tura shi wurin tsofaffi ya ga abin da idonsa tun suna raye. Allah ya sa mu gane. Wassalam.