Galabaitar Aiki: Matsalar da Ta Fi Kama Masu Ƙwazo

A ranar 25 ga Disamban 2015, wata matashiya mai suna Matsuri Takahashi ta hallaka kanta a birnin Tokyo na ƙasar Japan. Shekarunta 24 kacal. Ta yi digiri a Jami'ar Tokyo, kuma ko shekara ɗaya ba ta cika ba da fara aiki a Dentsu, babban kamfanin tallace-tallace na ƙasar. Da jami'an ƙwadago suka yi bincike, sai suka tarar cewa a cikin wata ɗaya ta yi ƙarin aiki na sa'o'i kusan 105 a kan lokacinta na ƙa'ida, suka kuma yanke cewa yawan aiki ne ya jefa ta cikin halin da ya kai ta ga ajali. Shugaban kamfanin, Tadashi Ishii, ya ajiye muƙaminsa, sannan a 2018 majalisar Japan ta kafa dokar da ta sa iyaka ga ƙarin aiki: kada ya kai sa'o'i 100 a wata, kada kuma ya wuce 720 a shekara.

Matsuri ba raguwa ba ce, tana cikin 'yan gaba-gaba a tsakanin tsararrakinta. Wannan shi ne abin lura ga duk mai burin ya yi nisa a sana'arsa, domin galabaitar aiki ba kasafai take kama malalaci ba. Wanda ya ɗauki aikin da muhimmanci, ya sa shi a ransa, shi ta fi kayarwa.

Yadda masana suka gano ta

Wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin New York na Amurka, Herbert Freudenberger, shi ne ya fara bayyana matsalar filla-filla a 1974. Da rana yana duba marasa lafiyarsa, da dare kuma yana aikin sa-kai a wani asibitin kyauta da ke kula da masu shaye-shaye. Ya lura cewa matasan da suka shigo aikin da zafinsu, bayan kamar shekara guda sai su koma masu saurin fushi, ga ciwon kai da rashin barci, har su fara jin haushin mutanen da suka zo taimaka wa. Waɗanda suka fi sadaukar da kai su ne suka fi shiga wannan hali.

Daga baya Christina Maslach ta Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, ita da abokiyar aikinta Susan Jackson, suka fitar da ma'aunin gwada matsalar a 1981. A watan Mayun 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a cikin sabon kundinta na rarraba cututtuka. Hukumar ba ta lissafa ta a matsayin cuta ba, ta ce yanayi ne da ke tasowa daga matsin aiki na dogon lokaci wanda ba a shawo kansa ba. Alamominta uku ne: ƙarewar kuzari, sanyin jiki da ƙosawa da aikin, sai kuma raguwar iya yin sa yadda ya kamata.

Alama ta biyu ita ce ta fi ɓuya. Ka ga ma'aikaciyar jinya da a da take zama ta rarrashi majiyyaci, yanzu lambar gadonsa kawai take kira. Ko malamin da a da yake ɗokin shiga aji, yanzu ya tsaya a bakin ƙofa yana duba agogo. Abokan aiki sai su ce ya canza hali, ko girman kai ya shige shi, alhali ƙarfinsa ne ya ƙare.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Idan mutum ya fuskanci barazana, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo zuwa wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda, su saki sinadaran adirenalin da kotisol. Nan take zuciya ta ƙara bugawa, jini ya hau, sukari ya ƙaru a jini, hankali ya tattaru wuri ɗaya. Allah ya tsara wannan ne domin ɗan lokaci, mutum ya tsira daga haɗari sannan jiki ya koma daidai. To amma jiki ba ya bambanta haɗarin hanya da saƙon da oga ya turo a WhatsApp ƙarfe 11 na dare yana cewa da safe yake son ganin rahoto a kan teburinsa. Ma'aikacin ya riga ya kwanta, hasken waya ya haska fuskarsa, ya rubuta "To, ranka ya daɗe", daga nan barci ya ƙaurace wa idonsa. Idan haka ta riƙa faruwa kullum, jiki ya zama tamkar janaretan da aka bari yana ruri dare da rana, ba a kashe shi ya huce, ba a sauya masa baƙin mai.

Sakamakon ba ƙarami ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 kaɗai, mutum 745,000 ne suka mutu sanadiyyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da dogon lokacin aiki. Mai aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a wurinsa ya ɗara da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17, idan aka gwada shi da mai sa'o'i 35 zuwa 40. Sa'o'i 55 ba su da wuyar cika: wanda ke shiga ofis ƙarfe 8 na safe ya fito 7 na yamma, daga Litinin zuwa Juma'a, ya riga ya kai.

Ba yawan aiki ne kaɗai ba

Maslach da abokin bincikenta Michael Leiter sun nuna fannoni shida da ke jawo galabaita idan suka gurɓace. Akwai nauyin aiki, da rashin ta-cewa kan yadda mutum zai gudanar da aikinsa, da rashin sakayya, ko ta kuɗi ko ta yabo. Akwai kuma lalacewar zumunci tsakanin abokan aiki, da rashin adalci, da tilasta wa mutum yin abin da ya saɓa wa aƙidarsa. Shi ya sa za ka ga ɗan kasuwa yana wuni a shago amma fuskarsa a sake, domin shi ke da iko da lokacinsa, yayin da ma'aikacin da aka tsallake wajen ƙarin girma aka ba ɗan lele yake komawa gida a karye ko da bai yi aikin kirki ba ranar.

A nan ne nauyi ya hau wuyan shugabannin ma'aikatu. Ba zai yiwu a ɗora wa mutum ɗaya aikin mutum uku ba, sannan a ce masa ya riƙa haƙuri. Faransa ta fahimci haka, inda tun daga Janairun 2017 doka ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin ajiye waya da imel bayan tashi daga aiki. A Birtaniya kuma kamfanoni 61 sun gwada aikin kwana huɗu a mako na wata shida a 2022 ba tare da rage albashi ba, kuma 56 daga ciki suka ci gaba da tsarin bayan an gama gwajin.

Abin da ke hannun ma'aikaci

Duk da haka, ma'aikaci ba zai naɗe hannu yana jiran doka ba. Binciken Sabine Sonnentag, masaniya a ƙasar Jamus, ya nuna cewa hutun da ke mayar da ƙarfi shi ne wanda hankali ya rabu da aiki gaba ɗaya. Wanda ke zaune a tsakar gida amma zuciyarsa na ofis bai huta ba. Kuma hutun ƙarshen shekara ba ya biyan bashin gajiyar wata goma sha ɗaya, dole a riƙa biya kullum. Baligi yana bukatar barcin sa'o'i 7 ko fiye, da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, ko da tafiya ce da sauri bayan sallar Asuba. Ya kamata a tsayar da lokacin ajiye waya, a sanar da oga cikin ladabi tun kafin a kai ga saɓani. A koyi cewa "ba zan iya haɗa wannan da wancan ba, wanne za a fara?" A riƙe zumunci da majalisar abokai inda ba a zancen ofis. Addini ma bai yarda a azabtar da jiki ba, domin Manzon Allah (SAW) ya umarci sahabi Abdullahi ɗan Amr da ya sassauta yawan azumi da tsayuwar dare saboda haƙƙin jikinsa da na iyalinsa. Idan an ja kunne kan wuce gona da iri a ibada, ina ga neman abin duniya?

Idan kuma abin ya kai ga baƙin ciki mai ɗorewa na makonni, ko rashin jin daɗin komai, ko tunanin cutar da kai, to ya wuce gajiya, sai a garzaya wurin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Buri abu ne mai kyau, al'umma ma tana bukatar masu shi. Sai dai sana'a tafiya ce ta shekara talatin ko fiye, sannu kuma ba ta hana zuwa. Duk mai son ya kai ƙololuwa, ya lissafa sa'o'in da ya yi aiki a makon nan. Idan sun haura 55, ya zauna da shugabansa su sake tsari tun lafiyarsa na hannunsa.